Bigfoot da 'yan sanda: kai rahoton ganin dodon dajin Amurka a kusa da gari

Bigfoot, wanda ake kuma ce ma Sasquatch, wata halitta ce da wasu mutanen Amurka da Kanada ke cewa tana zaune a dazukansu, wai siffarsa kamar goggon biri amma a miƙe yake tafiya da ƙafa biyu irin ta mutum, jiki duk gashi baƙi ko ja-ja, tsawo ya kai ƙafa bakwai zuwa takwas ko ma fiye, ga wani irin ɗoyi da masu cewa sun gan shi ke yawan ambatawa. Har yau dai babu wanda ya taɓa kamo shi, babu gawa, babu ƙashi, babu ko haƙori ɗaya da aka tabbatar nasa ne, shi ya sa masana kimiyya suka ɗauke shi a matsayin haɗin tatsuniya da kuskuren ido da kuma aikin 'yan damfara. Amma labarin ganinsa bai tsaya ba, kuma ba duka ne a ƙurmin daji ba, akwai masu cewa a bakin titi suka gan shi, ko bayan gida, ko gefen gona a ƙarshen gari. Daga nan ne maganar 'yan sanda ke shigowa, wato in abun ya faru kusa da jama'a, mutane na kiran hukuma ko kuwa shiru suke yi.

Yanda labarin ya faro

Ƙabilun asali na yankin arewa maso yammacin Amurka da lardin British Columbia na Kanada sun daɗe da labaran mutanen daji masu gashi, wani malamin makaranta mai suna J. W. Burns ne ya tattara irin su ya fara bugawa a jarida a ƙarshen shekarun 1920. Sunan Bigfoot kuwa sai 1958 ya bazu, lokacin da wani direban katafila, Jerry Crew, ya tarar da manyan sawaye masu tsawon inci 16 a inda suke aikin hanya a Bluff Creek, arewacin Kalifoniya, jaridar Humboldt Times ta buga hotonsa riƙe da siffar sawun. Bayan rasuwar ɗan kwangilar aikin, Ray Wallace, a 2002, iyalansa suka fito suka ce ai shi ne ya riƙa buga sawun da ƙafafun katako da aka sassaƙa. A wannan waje dai aka ɗauki ɗan gajeren fim ɗin nan na Roger Patterson da Bob Gimlin ranar 20 ga Oktoba 1967, wanda suka ce Bigfoot ne ya fito a ciki, har gobe kuma ana cacar baki a kansa.

Lokutan da aka kira hukuma

In mutum ya bi sanannun labaran da suka kai gaban 'yan sanda zai ga kusan duk hali ɗaya ne, abun ya zo har gida ko ya tsorata yara ko an ji ciwo, ba wai an hango shi daga nesa ba ne kawai. Kuma yawanci ƙananan garuruwa ne, inda kowa ya san sherif, wato shugaban 'yan sandan gunduma wanda jama'a ke zaɓa da ƙuri'a.

A watan Mayu 1971 a garin Fouke na jihar Arkansas wasu ma'aurata suka ce wani abu mai gashi ya zuro hannu ta tagar gidansu da dare, maigidan ya fita da bindiga, ƙarshe sai asibitin Texarkana aka kai shi da ƙwarzane a jiki da firgici. Jami'ai sun je sun duba, an ga sawu mai yatsu uku amma ba a ga jini ba duk da harbin da aka ce an yi. Abun da ya biyo baya ya fi dodon kansa ba hukuma ciwon kai, wani gidan rediyo ya sa ladan dala 1,090 ga duk wanda ya kamo shi, sai ga mafarauta da 'yan ganin ƙwaf sun cika garin da bindigogi suna tattake gonakin mutane, har sherif ɗin gundumar Miller ya hana yawo da bindiga na ɗan lokaci, aka kuma ci wasu mutum uku tarar dala 59 kowanne saboda sun kai rahoton ƙarya.

Shekara na zagayowa, a Yuli 1972, sai garin Louisiana da ke jihar Missouri, can ma yara ne suka ce sun ga abun a bayan gidansu, shugaban 'yan sandan garin ya tara mutum kusan 20 suka kewaye tudun da ake zargi, ba su samu komai ba.

Na Murphysboro a jihar Illinois ya fi su cikakken bayani sabida 'yan sandan sun rubuta komai a fayil kuma fayil ɗin na nan. Daren 25 ga Yuni 1973 wani saurayi da budurwa suna cikin mota a bakin kogin Big Muddy suka ji wata irin ƙara, suka ga wani abu dogo mai farin gashi duk ya yi dame-dame da taɓo yana nufo su, ba su tsaya wata-wata ba suka ja mota sai ofishin 'yan sanda. Jami'an da aka tura sun rubuta cewa sun ga sawu a cikin laka kuma su ma sun ji ƙarar da kunnensu. Washegari da dare wasu matasa biyu suka ce sun gan shi daga barandar bayan gida a cikin unguwa, aka zo da karen 'yan sanda ya bi sawu har bakin wata tsohuwar rumfar gona ya toge ya ƙi shiga, da aka leƙa ciki babu komai. Fayil ɗin dai bai ce dodo ne ba, ya ce ga abun da mutane suka faɗa ga abun da aka tarar, shi kenan.

A Whitehall ta jihar New York kuma, Agusta 1976, matasa ne suka kai rahoto, 'yan sandan gari da na jiha suka fita kan wata hanya da ake kira Abair Road, daga baya ɗaya daga cikin jami'an ya ce shi ma ya gani da idonsa. Garin yanzu ya maida abun sana'a, ana biki duk shekara, a 2004 ma suka yi dokar kare shi.

Abun da ke hana mutane kira

Babban abun shi ne kunya da tsoron a maida mutum abun dariya. Lambar 911 da ake kira a Amurka da Kanada ana naɗar duk maganar da aka yi a kai, kuma a jihohi da dama 'yan jarida na iya neman a ba su muryar, dan haka wanda ya kira cikin firgici da ƙarfe biyun dare zai iya wayar gari ya ji kansa a gidan talabijin ana ta ƙyaƙyata dariya. Mai aikin gwamnati ko malamin makaranta ko direban babbar mota sai ya yi tunani sau biyu, kar a ce ya sha ne ko kansa ya taɓu. Sannan ga dokar hana rahoton ƙarya da wasa da layin gaggawa, wanda ko mutum da gaskiyarsa yake zai ji tsoron kar a ce ƙarya ya shirya tunda ba shi da abun nunawa.

Akwai kuma wani dalili mai sauƙi da ba a cika kula da shi ba, ganin dabba ba laifi ba ne. In abu ya gifta titi ya shige daji bai taɓa kowa ba, to ƙarar wa za a kai, me ɗan sanda zai zo ya yi. Shi ya sa ma wasu in sun kira ba sa furta sunan, sai su ce akwai wani ƙato yana zagaya gidana, ko wata dabba na damun karnukana, a haka ake rubuta shi a littafin ofis, mai neman kalmar Bigfoot a cikin takardun 'yan sanda ba zai taɓa cin karo da shi ba.

Tunda intanet ta zo kuma sai aka samu wata ƙofar. Ƙungiyar masu binciken Bigfoot mai suna BFRO da Matt Moneymaker ya kafa a 1995 tana karɓar rahoto ta shafinta, tana ɓoye sunan mai bayarwa, 'yan sa-kai su kira shi su saurare shi ba tare da izgili ba, sannan a sa rahoton a aji A ko B ko C gwargwadon yanda aka ga abun ƙarara ko kuwa ji kawai aka yi. Sun tara rahoto sama da 5,000, jihar Washington ce kan gaba, da yawa kuma sai bayan shekaru da faruwar abun mutum ke zuwa ya faɗa. Ga Facebook ga YouTube, inda hoto mai hazo ke jawo mabiya. To wanda ke son a yarda da shi ya san inda zai je, kuma ba caji ofis ba ne.

Me ya sa 'yan sanda ke amsawa

Ba dan sun yarda da dodo suke fita ba. In an ce ga wani baƙin abu dogo a bayan gida da dare, lissafinsu shi ne ko ɓarawo ne, ko mai taɓin hankali, ko beyar, wato ƙatuwar dabbar daji mai gashi da Turawa ke ce ma bear, ko wani ne ya sa kayan wasa, kuma kowanne daga ciki na iya ƙarewa da gawa a ƙasar da bindiga ke hannun mutane da yawa.

An sha ganin haka. A Agusta 2012 wani mutum a kusa da Kalispell ta jihar Montana ya sa irin rigar ɓad-da-kama ta sojoji mai kama da ciyawa ya tsaya kan babbar hanya mai lamba 93 da dare, 'yan sanda suka ce nufinsa a gan shi a kira a ce an ga Bigfoot, motoci biyu da 'yan mata masu shekara 15 da 17 ke tuƙawa suka buge shi ya mutu nan take. A Disamba 2018 kusa da Helena, a Montana ɗin dai, wani ya gaya ma sherif cewa an buɗe masa wuta a daji, da ya tunkari mai harbin sai ya ce ai ya ɗauka Bigfoot ne. A 2017 da aka yi ta yaɗa labarin an gan shi a North Carolina, 'yan sandan Greenville ta South Carolina sai da suka fito a Facebook suna roƙon jama'a kar su harba, daga baya wani ya fito ya ce shi ne aka gani, yana yawo a daji sanye da fatun dabbobi.

Su kansu jami'an ba su tsira daga abun kunya ba. A 2008 wasu mutum biyu a jihar Georgia suka ce suna da gawar Bigfoot a cikin firiza, har taron manema labarai aka yi a Kalifoniya, da ƙanƙarar ta narke sai ga rigar roba. Ɗaya daga cikinsu ɗan sanda ne a gundumar Clayton, aka kore shi daga aiki.

Dokoki da hukumomi

Gundumar Skamania ta jihar Washington ta yi doka a 1969 cewa duk wanda ya kashe Bigfoot zai iya shan ɗaurin shekara biyar ko tarar dala 10,000. Ranar 1 ga Afrilu aka zartar da ita, ranar da Turawa ke wasan yaudarar juna, dan haka da yawa suka ɗauka raha ce, amma akwai dalili na gaske a ƙarƙashi, masu farautarsa sun yi yawa a dajin ana tsoron su harbe mutum. A 1984 aka sassauta hukuncin zuwa shekara ɗaya ko dala 1,000. Wasu wuraren kuma akasin haka suka nufa, a 2021 wani ɗan majalisar jihar Oklahoma ya kai ƙudurin a ware lokacin farautarsa, bai dai zama doka ba.

Hatta FBI, hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, ta taɓa shiga ciki sau ɗaya. A 1976 Peter Byrne, mai wata cibiyar neman Bigfoot a jihar Oregon, ya aika musu silin gashi 15 haɗe da ɗan guntun fata, suka gwada suka ba da amsa a 1977 cewa gashin barewa ne. Sai a 2019 aka saki fayil ɗin mai shafi 22 kowa ya gani.

Abun da bincike ya nuna

Masana sun fi karkata ga baƙar beyar ta Amurka, wadda kan tsaya da ƙafa biyu in tana leƙe ko shinshina, kuma tana shigowa unguwanni cin shara, wato daidai wuraren da mutum zai gan ta daga taga cikin duhu na 'yan daƙiƙu. An ma yi wata a New Jersey daga 2014 zuwa 2016 da ƙafafunta na gaba suka nakasa, a miƙe take ratsa farfajiyar gidajen mutane kamar wani dattijo na zuwa kasuwa. Wani nazari na 2009 a mujallar Journal of Biogeography ya nuna taswirar wuraren da ake cewa an ga Bigfoot a yammacin Amurka ta yi kusan daidai da ta mazaunin beyar, a 2014 Farfesa Bryan Sykes na jami'ar Oxford da abokan aikinsa suka gwada ƙwayoyin halittar gashi 30 da aka aiko musu daga sassan duniya duk suka fito na sanannun dabbobi ne, beyar da doki da saniya da kare, har da na mutum. A 2024 kuma Floe Foxon ya wallafa lissafin da ya nuna duk ƙarin beyar 1,000 a yanki na tafiya da ƙarin rahoton Bigfoot na kusan kashi 4 cikin 100, kuma inda mutane suka fi yawa rahoto ya fi yawa, tunda sai da ido ake gani.

Wani aikin da kan ci lokacin sherif a irin waɗannan yankuna shi ne na masu shiga daji neman dodon. A ƙarshen Disamba 2024 wasu maza biyu daga Portland suka shiga dajin Gifford Pinchot a gundumar Skamania neman Sasquatch ba su dawo ba, danginsu suka kira hukuma ranar Kirsimeti, 'yan sa-kai sama da 60 suka kwana uku suna nema cikin ruwa da dusar ƙanƙara kafin a samu gawarwakinsu, ofishin sherif ya ce alamu sun nuna sanyi ne ya kashe su sabida ba su yi shirin yanayin ba.