Cibiyar kwamfuta a ƙauye: ta yaya za a riƙe matasa kar su watse?

An buɗe mana cibiya, kwamfutoci sababbi fil, amma yara sun ɗan zo sun ɗauke ƙafa. Laifin wa?

Gaskiya yawanci ba laifin yaran ba ne. Malami ya tsaya gaban allo yana ta rubuta ma'anar kwamfuta da tarihinta ana kwafa a littafi, alhali yaron nan ɗan shekara 15 da ya baro gona ko ya ajiye baro a kasuwa taɓa abin ya zo yi. Ran farko a bar shi ya kunna da hannunsa, ya rubuta sunansa da na garinsu, a buga masa a firinta ya tafi da takardar gida ya nuna wa inna. Gobe da abokinsa zai dawo.

To da me za a fara?

Da abin da ke damunsu. Tun 2015 JAMB, hukumar jarabawar shiga jami'a, ta mayar da jarabawarta kacokan kan kwamfuta, kuma sai ka ga yaro ya san amsa sarai amma ranar ne ya fara zama gaban sikirin, hannu na rawa, yana neman inda zai danna har lokaci ya ƙare masa. A koya musu danna A, B, C, D, da N na zuwa gaba da P na komawa baya, a sa musu agogo su yi ta gwaji. Da iyaye sun ji haka su da kansu za su koro yaran. Waɗanda ba JAMB ce a gabansu ba kuma akwai haɗa katin biki, lissafin shago a Excel, tace bidiyo a waya, abin da dai mutum zai yi a miƙo masa ɗan na sabulu.

Mu fa ba wuta ba netwok

Sola da laftof, don laftof ba ta shan wuta kamar babbar ta kan tebur. Netwok kuwa ba dole kullum ba. Manhajar Kiwix na sauke Wikipedia har da ta Hausa a karanta ba data, Scratch ma da yara ke haɗa gem da shi kyauta ne kuma yana aiki ba intanet.

Wane lokaci ya fi?

Nan ake yawan tafka kuskure, a kwaso jadawalin birni a kawo ƙauye. Da damina ba wanda zai bar noman fari ya zo maka da hantsi, ranar kasuwa ma ka manta kawai. Bayan la'asar, sai kuma Alhamis da Juma'a da makarantar allo ke hutu.

'Yan mata fa? ba a barinsu

A ware musu lokacinsu, a samo malama mace ko da daga garin gaba ne, a tashe su tun kafin magariba. Kuma kafin a buɗe ƙofa a je a gaida mai unguwa da liman, in 'yar liman ta shiga aji sauran gidajen ba sai an roƙe su ba.

In suka ɓige da gem da TikTok?

Za su yi, ko an hana za su yi a ɓoye. A ba su minti 15 na ƙarshe bayan an gama aikin ranar, wanda ya fi ƙwarewa a cikinsu kuma a ɗora masa duba na bayansa da riƙe makullin ɗakin.