Cutar da ke ɓuya cikin irin furanni: jan hankali ga masu lambu a Jos

'Yan uwa masu renon furanni, akwai wata cuta da feshi ba ya yi mata komai. Sunanta bairoyid. Ta fi bairas ƙanƙanta, kuma sai a 1971 wani masani a Amurka, Theodor Diener, ya gano ta a jikin dankalin turawa.

A wasu furanni, irin su koliyos da fetuniya, tana shiga har cikin ƙwayar iri, don haka wanke iri ba ya fitar da ita. Shuka ta tsiro da ita, sai almakashi da hannu su kai ta ga na kusa. Reshen da aka yanko daga uwa mai cutar kuwa, da ita zai kama ƙasa.

A kirisantimom ana ganin tsumburewa, ganye ya ƙanƙance, fure ya buɗe da wuri, ƙarami kuma koɗaɗɗe. Mutum ya ɗauka rashin taki ne, ya yi ta zuba taki a banza. Abin da ya fi damunmu shi ne furannin dangin tumatir, waɗanda kan ɗauki cutar suna nan shar, babu alama. Ga shi alamun sun fi fitowa a lokacin zafi, sanyin Jos na iya rufa mata asiri. Idan ta tsallaka zuwa gona, tumatir ya tsumbure, dankali ya fito dogo siriri kamar mazari, har ya tsattsage. Ku tuna da masu dankali a Bokkos da Mangu.

To, ku sayi iri daga inda aka tabbatar da lafiyarsa, kada ku tara iri daga shukar da ta tsumbure. Sabuwar shuka a ware ta gefe tukuna, nesa da bedin tumatir.

Kafin ku koma kan wata uwa, ku tsoma wuƙa ko almakashi cikin ruwan bilic, awo 1 a ruwa awo 4, na minti 1, sannan ku ɗauraye saboda tsatsa. A haɗa sabo kullum, domin ƙarfinsa na tafiya. Sifirit ba ya kashe ta, kada ya ruɗe ku.

Shukar da kuke zargi, ku tumɓuke ta da saiwarta da na gefenta, ku ƙone, kada ta shiga takin gargajiya. Ku ajiye ganye kaɗan a leda ku kai wa malamin gona, don gwajin ɗakin bincike ne kaɗai ke tabbatar da ita.