Akwatin shuka a tsakar gida: amsar tambayoyin da kuka ishe ni da su

Tun da na jera akwatunan shuka a tsakar gidana a nan cikin Katsina, ban ƙara zuwa biki ko suna na zauna lafiya ba. Sai an ja ni gefe: Hajiya yaya ake yi, Hajiya akwatina ya bushe, Hajiya tumatirina ya ƙi 'ya'ya. Maza kuma su aiko matansu ko su tare maigidan a ƙofar masallaci. Tambayoyin ba su canzawa, don haka ga su nan na tara wuri guda. Wadda ta sake kawo mini ɗaya daga cikinsu, cewa zan yi ta koma ta karanta.

Hajiya, wai mene ne akwatin shukar nan?

Fangali ne da aka ɗaga sama. A kewaye wuri da bulo ko katako ko kwano, a cika shi da ƙasa mai kyau, a yi shuka a ciki. Kowane ɗaya girmansa daidai da na ɗan'uwansa, saboda yau ki yi guda, in hali ya samu ki jona na biyu, ran da za ki tashi ki kwance abinki. Shi ke nan.

Sai na sayo irin na ƙarfen nan da ake nunawa a Facebook?

A'a. Bulo mai inci 9 ya ishe ki. Shida a wannan gefe, shida a wancan, bibbiyu su toshe kai da gindi daga ciki. Jeri ɗaya bulo 16 ke nan, jeri biyu 32, kuma ba a sa siminti. Ramukan bulon ki cika su da ƙasa, su riƙe shi kada ya motsa, ki dasa albasa ko na'a-na'a a cikinsu.

Katako gara za ta cinye shi, wani lokaci tun bai ga damina ta biyu ba. Kwano kuma ki taɓa shi da azahar a watan Afrilu ki ji, sannan ki tuna saiwa ce ke jingine da shi daga ciki.

To in na shafe katakon da baƙin mai fa, kamar yadda kafinta ya ce?

Kafinta rufin ɗaki yake tunani, ba abin da 'ya'yanki za su ci ba. Baƙin man mota dattin inji ne, da gubar ƙarfe a cikinsa, kullum kika yi ban ruwa yana tsatsafowa cikin ƙasar. Kada ki yi.

Na zuba kashin kaji, shukar ta ƙone cikin kwana uku. Ko baki ne?

Ba baki ba ne, ke ce. Na faɗa na sake faɗa, ɗanyen kashin kaji wuta ne. Ki tara shi gefe guda, ki gauraya da ƙaiƙayi ko busasshen ganye, ki riƙa yayyafa ruwa kina juyawa duk mako, har wata 2 zuwa 3. In ya yi baƙi, warin ya tafi, kika sa hannu ba ki ji ɗumi ba, to ya nuna. Kashin awaki da na tumaki ya fi sauƙin kai, amma shi ma a bar shi ya ruɓe. Ba a fafe gora ranar tafiya: mai son shuka a Oktoba tun Yuli take tara taki.

Haɗin da nake yi, kashi biyu ƙasar gona, kashi ɗaya ruɓaɓɓen taki. Ƙasarmu ta Katsina da Daura yawanci jigawa ce, ruwa wucewa yake yi kamar an zuba a rariya, shi ya sa in na samu lakar fadama nake farfasa ta in haɗa kaɗan.

Me ya sa ba za a yi shi da faɗi sosai ba, a huta?

Saboda hannunki. Dole ki iya kai wa tsakiya daga kowane gefe ba tare da kin taka ciki ba, don ƙasar da aka taka daskarewa take yi. Kada faɗin ya wuce santimita 120. In jikin bango ne, rabin haka. Gara ma ki bar tazara, don danshi yana cin katanga, balle ginin ƙasa.

Nawa bushewa yake yi kullum, amma na maƙwabciyata da ta haƙa a ƙasa yana nan shar. Shin ɗaga shi sama ya fi, ko a nutsar da shi?

Wannan ce tambayar da ya kamata a fara yi, kuma ita ce ba na iya amsawa a tsaye bakin ƙofa. Ki zauna.

Da farko ki san inda abin ya fito. Hotunan da kuke gani na Ingila da Amurka ne, ƙasashen sanyi da yawan ruwa. Su damuwarsu ƙasa ta jiƙe sharkaf ta yi sanyi, shi ya sa suke ɗaga ta don ta tsane da wuri, rana ta ɗumama ta bayan ƙanƙara. Mu kuwa ruwan samanmu daga Yuni zuwa Satumba ne, sauran watanni takwas sai abin da kika ɗebo. Ki je lambunan Ajiwa ko na Jibiya ko gefen Daberam ki duba yadda masu noman rani ke yi: fangali suke yi mai gefe-gefe, cikinsa ya yi ƙasa, ruwa ya kwanta ya nutse. Ba rashin wayewa ya sa suke haka ba. Abin da Bature ke gudu, shi mu muke nema.

Saboda haka in tsakar gidanki ƙasa ce mai kyau, ruwa ba ya kwanciya da damina, bayanki lafiya lau, to ki bi maƙwabciyarki. Ki haƙa, ki gyara ƙasar da taki, ki kewaye da bulo jeri ɗaya don yara da tsintsiya. Ba ki rasa komai ba.

Amma akwai gidajen da ba makawa sai an ɗaga. Wadda aka malale mata tsakar gida da siminti. Wadda ƙasar gidanta ɓaraguzan gini ce da tsakuwa. Wadda gidanta ke kwari, in aka yi ruwan Agusta sai an kwana ana kwalfa, domin saiwar tumatir da tattasai in ta kwana biyu cikin ruwa ta tafi. Sai tsofaffi irin mu da gwiwa ba ta son durƙuso. Waɗannan akwati rahama ne gare su, sai dai su san za su biya da ruwa.

Nawa ne ruwan? Ya danganta, kuma ba don in kauce nake faɗin haka ba. Akwatin da na kwatanta mai bulo 32 cikinsa kusan murabba'in mita 2 ne. Da hunturu, in shukar ta rufe ƙasa, wajen rabin jarka mai lita 25 a rana yakan ishe shi. Da bazara, lokacin da zafi ke kai digiri 40, ki sa ran jarka guda cur, wani lokaci ta ƙi isa. In iska na kaɗawa ya ƙaru. In ƙasar yashi ta fi yawa ya ƙaru. In katangar yamma na yi masa inuwa bayan azahar ya ragu. In jeri ɗaya kika yi maimakon biyu, ƙasar ba ta da zurfin ajiye danshi, sai kin ba shi safe da yamma. To ki lissafa: in famfonku na zuwa, ko kuna da rijiya ko burtsatse, ba damuwa. In a hannun 'yan garuwa kuke saye, ki ninka kuɗin jarka sau 30, ki kwatanta da abin da kike kashewa a kayan miya, tun kafin ki sayi bulo ko ɗaya. Ga wasu gidajen lissafin yana fita da hunturu da damina, ba ya fita da bazara. Babu laifi a bar akwati ya huta daga Maris zuwa Mayu.

Akwai dabarun rage shan ruwan, ko da yake kowace da nata sharaɗin. Rufe fuskar ƙasa da ɓawon gyaɗa ko ɓuntun shinkafa ko karan gero yana taimakawa ƙwarai, amma a gidan da gara ta yi yawa sai ana ɗagawa ana dubawa. Binne tulu na ƙasa, wanda ba a shafe ba, har wuya a tsakiyar akwatin, a cika shi a rufe bakin, yana tsatsafar da ruwa a hankali daidai inda saiwa take. Yana yi wa tumatir da barkono da kubewa kyau, amma bai ishi irin da aka yafa jiya ba, shi sai yayyafi ta sama.

Sai batun ruwan da aka yi amfani da shi, don na san can za ki. Ruwan alwala, ruwan wankin shinkafa da na ganye, ruwan ɗaurayar ƙarshe, duk ki tara a bokiti ki zuba a gindi. Ruwan omo mai kumfa da na bilic a'a, domin gishirinsu taruwa yake yi, kuma ƙasar akwati ba ta da yawan da za ta shanye shi, sai ki ga fari-fari a sama ganye na ƙonewa ta baki. Ruwan wankin kashin yara kuwa ko kusa. Latas da duk abin da za a ci ɗanye, ruwa mai tsabta kawai.

Kuma ki daina ban ruwa da ido. Ki tura yatsa har gaɓa ta biyu. In da danshi ki bari, in babu ki zuba har ya ratsa.

Zan iya ɗora shi a saman bene?

Malam, ƙasar akwati ɗaya kusan lita 800 ce, in ta jiƙe ta haura tan 1, ban da nauyin bulo. Ka tambayi injiniyan da ya yi ginin. In ba a same shi ba, ka yi a buhu ko bokiti, ka jera su gefe-gefe.

Tumatirina ya yi fure, furen na zubewa. Wane magani zan saya?

Yaushe kika dasa? In amsar Maris ce, babu maganin da zai yi. Tumatir ba ya ɗaure 'ya'ya in zafin rana ya wuce digiri 35, dare ma ba sanyi. Ki yafa iri a Oktoba, ki dasa bayan mako 3 zuwa 4, ki ci da hunturu. Latas, kabeji, karas da albasa duk 'yan sanyi ne. Karas kuma ba a dasa shi, inda zai zauna nan ake shuka shi. Zafi da damina na alayyahu ne, da kubewa, yakuwa, rama da lalo.

Kada ranki ya ɓaci. Kusan duk wadda ta fara sai da ta yi wannan kuskuren, ƙasarki ba ta lalace ba. Ki tuge, ki yafa alayyahu, cikin mako 4 kina yanka.

Mai kura ya ce zai kawo mini ƙasar bola da araha, wai ta fi taki.

Baƙa ce, na yarda, shuka kuma tana tashi a kanta. Amma ki tona ki gani: mataccen batir, fasasshiyar kwalba, leda, allura. Abin da ya narke a ciki ba ya fita da tankaɗe. Gaba ɗaya amfanin akwati shi ne ke kika zaɓi ƙasar da abincinki zai fito ciki, to don me za ki cika shi da juji?

Tsutsa ta shiga ganyen. In fesa fiya-fiya?

Subhanallahi. Abin da ake fesa wa sauro a rufe ɗaki kowa ya fita, shi za ki sa wa ganyen miya? A'a.

Akwati biyu ko uku hannu ya ishe su. Kowace safiya ki juya bayan ganye, ki tsince, ki murtsuke. In kin ga farin tabo mai faɗi a ganyen tumatir, an cinye cikinsa an bar fatar, tsutsar nan ce Tuta absoluta da ta cinye tumatirin Arewa a 2016 har ya gagari talaka. Ki cire ganyen ki ƙone, kada ki jefa cikin taki. Ki daka 'ya'yan darbejiya busassu, ki jiƙa su kwana, ki tace, ki ɗiga sabulu kaɗan, ki fesa da yamma duk mako. In kin tuge tumatir kika ga saiwarsa ta yi ƙulu-ƙulu, kada ki mayar da tumatir ko kubewa wannan akwatin, ki sa albasa. Nan ma amfanin samun akwati fiye da ɗaya ke fitowa.

Ƙadangaru da kaji fa?

Tsohon gidan sauro. Ki kafa sanduna huɗu a ramukan bulo, ki lulluɓe. In shuka ta fara fure ki buɗe da rana don ƙudan zuma. Akuya kuwa ɗaurewa ake yi.

Akwai inuwar darbejiya a gidanmu, in sa a ƙarƙashinta?

Kada ki sa. Kayan lambu na son rana ta awa 6, ta safe ta fi. Ita kuma darbejiya saiwarta za ta biyo danshi ta hauro cikin akwatin, ki yi ta ban ruwa bishiya na sha.

Gidan haya nake, a kan siminti. Zai yiwu?

Zai yiwu, don irinki aka yi shi. Ki gaya wa mai gida tukuna. Ki bar 'yar tazara tsakanin bulon jerin ƙasa ta gefen da ruwa ke gangara zuwa makwarara, ki shimfiɗa tsohon buhu daga ciki ya tare ƙasa ya bar ruwa ya fita. Jeri biyu dole, tunda saiwa ba ta da inda za ta ƙara nutsawa. Ran tashi ki kwashe ƙasar a buhuna, ita ce ta fi bulon daraja.

Guda nawa zan fara da su?

Ɗaya. Alayyahu a rabi, yakuwa a rabi, albasa a ramukan bulo. In kin yi wata 2 ba ki tsallake ban ruwa ba, ki sayo bulo 32 ki jona na biyu, ki bar hanya tsakaninsu da baro zai iya wucewa.