Me likita ke nufi da "hatsarin shekara goma" na ciwon zuciya?

Idan likita ya ce hatsarinka kashi 20 ne cikin 100, ba duba ya yi maka ba. Nufinsa, idan aka tara mutum 100 masu shekarunka da irin lafiyarka, kusan 20 za su gamu da bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki cikin shekara goma masu zuwa. Ko kana cikin 20 ɗin, wannan sai Allah.

Lissafin ya samo asali ne daga garin Framingham na Amurka, inda a 1948 aka fara bibiyar lafiyar mutum 5,209. Daga nan aka gane abubuwan da ke tura mutum ga wannan ciwo: shekaru, kasancewa namiji, hawan jini, kitsen jini, sigari da ciwon suga.

Hawan jini ne ya fi jan hankali, musamman lambar sama, wato ta farko cikin lambobi biyun da awon jini ke bayarwa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana kiransa hawan jini daga 140/90, amma jijiyoyi ba su san wannan iyaka ba. Wani babban nazari na 2002 ya nuna cewa ga masu shekara 40 zuwa 69, tun daga 115, duk ƙarin 20 a lambar sama yana ninka hatsarin mutuwa ta ciwon zuciya ko shanyewar jiki. Mai 135 da ke cewa jininsa lafiya lau, da sauran magana.

Abin da aka fi kuskurewa shi ne, waɗannan abubuwa ninka juna suke yi. A ɗauki mutum biyu, kowanne jininsa 150. Ɗaya mace ce 'yar 42, ba suga, ba sigari. Ɗayan dattijo ne ɗan 63, yana da suga, ga kwalin sigari a aljihu. Awonsu ɗaya, amma hatsarin dattijon ya ninka nata sau da yawa, shi ya sa za a iya haɗa masa maganin kitsen jini, ita ko a tsaya ga jinin kaɗai.

Da yake an gina lissafin farko kan fararen Amurka, a 2019 Hukumar ta fitar da jadawali na yankuna 21, har da Afirka ta Yamma. Akwai ma wanda ba ya bukatar gwajin jini: awon hawan jini, tsayi da nauyi, shekaru, jinsi da batun sigari sun isa, abin da ko ƙaramin asibitin ƙauye zai iya.