Zagayowar ɗumi da sanyin tekun Pasifik da tasirinta kan iska da kwararar ruwa

Zagayowar ɗumi da sanyi ta tekun Pasifik, wadda masana ke taƙaitawa da PDO, ko IPO idan an haɗa da kudancin tekun, sauyi ne na zafin saman ruwa da kan ɗauki shekara 20 zuwa 30 kafin ya juya. Ta bambanta da El Nino, wato ɗumamar ruwan gabashin Pasifik, wanda kan zo duk bayan shekara 2 zuwa 7 ya kau cikin shekara ɗaya ko biyu. A 1997 aka fara bayyana PDO a rubuce, bayan masu binciken kifin salmon sun lura cewa kamun Alaska yana hawa da sauka tare da zafin teku.

Yadda abin yake a yanayin yau da kullum

A layin tsakiyar duniya iska na kaɗawa daga gabas zuwa yamma kusan duk shekara. Tana tura ruwan saman teku, wanda rana ta gasa, ta tara shi wajen Indonesiya, inda zafinsa kan kai digiri 28 zuwa 30, tsayin tekun kuma ya ɗara na gaɓar Amurka ta Kudu da kusan rabin mita. A gabas, wajen Peru da tsibiran Galapagos, ruwan sanyi ne ke ɓulɓulowa daga ƙasa don cike gurbin. Iyakar da ta raba ruwan ɗumi da na sanyi tana zurfin mita 150 zuwa 200 a yamma, amma ba ta wuce kamar mita 50 ba a gabas.

Ruwan da aka tara a yamma dole ya nemi hanyar komawa. Yana bi ta ƙarƙashi ne, a wata kwarara da aka gano a 1952, ake kiranta da sunan Cromwell. Faɗinta ya kai kilomita 400, gudunta kan wuce mita ɗaya a daƙiƙa, kuma tana tafiya gabas alhali ruwan da ke samanta yana tafiya yamma.

Masanin yanayi Jacob Bjerknes ne ya nuna a 1969 cewa iskar da tekun suna riƙe da juna. Bambancin zafi tsakanin gabas da yamma shi ke ba iskar ƙarfi, ƙarfin iskar kuma shi ke ƙara bambancin. Shi ya sa ɗan sauyi kaɗan kan girma maimakon ya lafa.

Lokacin ɗumi da lokacin sanyi

A 1976 zuwa 1977 tekun ya juya zuwa ɗumi. Gabashinsa ya yi zafi, iskar gabas ta yi sanyin gwiwa, ɓulɓulowar ruwan sanyi ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu tsakanin shekarun 1970 da na 1990. Manyan El Nino biyu, na 1982–83 da na 1997–98, duk a cikin wannan zango suka faɗo.

Daga wajen 1999 al'amarin ya koma. Iskar gabas ta yi ƙarfin da ba a taɓa aunawa ba, ta tura ruwa yamma har tsayin teku a kewayen Filifin ya riƙa ƙaruwa da kusan milimita 10 a shekara, ninki uku na matsakaicin duniya. Zafi mai yawa ya nutse cikin zurfin teku, abin da ya taimaka wajen rage saurin ɗumamar saman duniya har zuwa wajen 2013. Wani ɓangare na ƙarfin iskar ya fito ne daga ɗumamar tekun Atilantika, wadda ta sauya matsin iska a ƙetaren nahiyar Amurka.

Dalilin jinkirin juyawar zagayowar yana cikin teku. Ruwan da ya nutse a nesa da layin tsakiya, wajen digiri 20 zuwa 30 arewa da kudu, kan yi shekaru yana tafiya a ƙarƙashi kafin ya shiga kwararar Cromwell ya sake fitowa. Iska kan manta cikin makonni. Teku ba ya mantawa da wuri.

Alaƙa da Sahel

Atilantika ma tana da tata zagayowar, mai ɗaukar shekara 60 zuwa 80. Idan arewacinta ya yi sanyi fiye da kudancinta, gizagizan damina ba sa hawa arewa sosai. Haka ta kasance daga tsakiyar shekarun 1960 zuwa tsakiyar na 1990, zangon da aka yi farin 1972–73 da na 1983–84 a Nijar da arewacin Najeriya, tafkin Chadi kuma ya janye.

Awo da matsalolinsa

A 1994 aka kammala girka na'urori kusan 70 da aka ɗaure a tsakiyar Pasifik don auna iska da zafin ruwa har zurfin mita 500. Na'urorin Argo kusan 4,000 kuma, masu yawo a teku suna auna zafin ruwa, suna nutsewa mita 2,000 su taso duk kwana 10. Babbar matsalar ita ce gajartar tarihin: a ƙarni guda zagayowar ba ta wuce juyi uku ko huɗu ba, awon kafin 1950 kuma yawanci na jiragen ruwa ne da ke ɗibar ruwa da bokiti, wanda kan huce kafin a saka masa ma'auni.