Shin ɗanyen faifai ne sirrin saurin rumbun bayanai?

Har yanzu akwai masu kula da sabar a ofisoshi da makarantun Katsina da ke ɗauka cewa rumbun bayanai ba zai yi sauri ba sai an ba shi ɗanyen faifai, wato ɓangaren faifan da ba a shimfiɗa masa tsarin fayil ba. Maganar tana da tushe. A da, manhajar da ke tafiyar da kwamfuta takan riƙe kwafin bayanai a ƙwaƙwalwar wucin gadi, rumbun ma ya riƙe nasa, sai a yi aiki biyu a kan abu ɗaya, kuma tsallake tsarin fayil ne ke magance wannan asara.

Sai dai tun 2001 Linux, ɗaya daga cikin manhajojin da ke tafiyar da kwamfuta, ya samu wani zaɓi mai suna O_DIRECT, wanda a yau yake ba rumbu irin MySQL damar rubutu kai tsaye zuwa faifai alhali bayanan suna zaune a kan tsarin fayil irin ext4 ko XFS. Rumbun Oracle, wanda a wurinsa aka fi sanin dabarar amfani da ɗanyen faifai, ya daina goyon bayanta a sigar 12c ta 2013, ya mayar da hankali ga ASM, nasa tsarin na kula da ma'ajiyar bayanai. Rumbun PostgreSQL kuwa dama a kan tsarin fayil yake aiki.

Ɗan saurin da ya rage, a ganina, bai kai wahalarsa ba. Ɗanyen ɓangare ba ya nuna fayil ko ɗaya, don haka sabon ma'aikaci yana iya zaton fanko ne ya goge shi, sannan faɗaɗa shi da ajiye kwafinsa duk suna da wuya. Idan rumbu yana jan ƙafa, galibi rashin fihirisa mai kyau ne, ko ƙarancin RAM (ƙwaƙwalwar wucin gadi), ko tsohon faifai mai juyawa da ya kamata a canza da SSD, faifai mai sauri da ba ya juyawa.