Tallafin karatu da tarukan masana Sifaniyanci: a karanta wannan kafin a sake tambayata

Duk shekara, da zarar Oktoba ta kama, sai tambayoyi su fara zubowa daga ɗaliban digiri na biyu da na uku masu nazarin Sifaniyanci da adabinsa, kuma kusan duk iri ɗaya ne. Ga amsoshin a wuri guda. Wanda ya sake aiko min da ɗaya daga cikinsu, nan zan turo shi.

Malam, wai akwai tallafi kuwa a wannan fannin?

Akwai. Ba shi da yawa kamar na likitanci ko injiniyanci, amma akwai.

Na ga tallan Fundación Carolina, in nema?

A'a. An kafa wannan gidauniya a shekarar 2000 don 'yan ƙasashen Latin Amurka da sauran dangin Sifaniya na ƙawancen Ibero-Amurka. Fasfo ɗinka na Najeriya ne ko Nijar ko Kamaru, ba ka ciki. Haka FLAS, tallafin koyon harsunan waje na Amurka, na 'yan ƙasar ne da masu izinin zama na dindindin. Kowace sanarwa tana da sashen da ke faɗin wanda ya cancanta, kuma nan ake fara karantawa, ba wurin da aka rubuta adadin kuɗi ba. Na gaji da ganin ɗalibi ya kwashe wata guda yana rubuta wasiƙa mai daɗi ga mutanen da tun layi na uku suka ce ba da shi suke ba.

To ina kuɗin yake?

Mafi tsoka yana jami'o'in Amurka, a sassan da ke haɗa Sifaniyanci da harshen Fotugal. Tsarinsu a digiri na uku shi ne su yafe maka kuɗin makaranta, su ba ka alawus, kai kuma ka koyar da 'yan ajin farko Sifaniyanci, galibi na shekara biyar. Ba wani tallafi daban kake nema ba, gurbin karatun ne ke zuwa da kuɗinsa. Ana rufe karɓar takardu tsakanin Disamba da Janairu, kuma yawancin jami'o'in sun amince kada a tilasta wa ɗalibi ya ba da amsa kafin 15 ga Afrilu. Wanda ya ba ka gurbin digiri na uku a can ba tare da kuɗi ba, ka yi masa godiya ka wuce.

A Sifaniya akwai kwantiragin FPU, na gwamnati don masu digiri na uku, da makamantansa, na shekara huɗu, albashi ne sosai. Gasar tana da zafi, kuma sai ma'aikatarsu ta juya makin digirinka zuwa ma'auninsu na maki goma, abin da ke cin lokaci. AECID, hukumar Sifaniya ta haɗin kan ƙasa da ƙasa, tana fitar da tallafin digiri na biyu ga wasu ƙasashen Afirka, sau da yawa ga ma'aikatan gwamnati, don haka a duba jerin ƙasashe na wannan shekarar, ba na bara ba. Erasmus Mundus, tallafin digiri na biyu na Tarayyar Turai, yana ba da yuro 1,400 a wata, kuma cikin shirye-shiryensa akwai LAGLOBE, na nazarin Latin Amurka, wanda Jami'ar Salamanca ke ciki. Gwamnatin Meziko ma tana da nata ta hannun hukumarta ta haɗin kan ƙasa da ƙasa, AMEXCID.

Mata, ku kuma ku buɗe kunne. Gidauniyar Mujeres por África, wadda tsohuwar mataimakiyar firaministan Sifaniya María Teresa Fernández de la Vega ta kafa a 2012, tana da shirin Learn Africa, na 'yan Afirka mata zalla. Kada ki ce ai ba za a ba ki ba tun ba ki cika fom ba.

Dole sai da DELE?

Idan sanarwar ta ce dole, dole ne. DELE da SIELE jarrabawoyin shaidar iya Sifaniyanci ne. Takardar DELE ba ta mutuwa, ta SIELE shekara biyar take yi. Mai son digiri na uku ya nufi matakin ƙwarewa na C1. Kuma Amurka za ta nemi shaidar Turanci, komai ƙwarewarka a Sifaniyanci.

Wane taro ya kamata in fara da shi?

Ƙarami. Tarukan da ɗaliban sashe ke shiryawa da kansu a jami'o'in Amurka da Ingila da Sifaniya sun fi sauƙin shiga, rajistarsu ba tsada, wasu ma ana yi ta intanet. Can za ka koyi karanta maƙala cikin minti 20 ba tare da shugaban zama ya ɗaga maka takardar “lokaci ya ƙare” ba. Minti 20 shafi takwas ne ko kusa da haka. Ba babi guda na kundinka ba.

Manyan kuwa sanannu ne. AIH, ƙungiyar masana Sifaniyanci ta duniya, an kafa ta a Oxford a 1962, taronta duk shekara uku. LASA, ƙungiyar nazarin Latin Amurka, tun 1966 take, taronta duk shekara, kuma ta yi taro na musamman kan Afirka da Latin Amurka a Accra a Nuwamban 2023, wanda da yawanku suka ji labarinsa bayan an watse. MLA, ƙungiyar masana harsuna da adabi ta Amurka, tana taro a Janairu, amma tsakuren maƙala tun wajen Maris na shekarar da ta gabata ake tura shi. Akwai na Jami'ar Kentucky ta Amurka a Afrilu, akwai na AHGBI, ƙungiyar masana Sifaniyanci ta Birtaniya da Ireland, akwai ASELE ga masu koyar da harshen ga baƙi. Ku riƙa leƙa shafin Casa África, cibiyar hulɗar Sifaniya da Afirka da ke Las Palmas, da na cibiyar Cervantes ta koyar da Sifaniyanci a Dakar, wadda aka buɗe a 2021.

An aiko min da imel ana gayyatata in zama babban mai jawabi a Dubai.

Kai da ba ka gama babi na biyu ba? Goge shi.

An karɓi maƙalata. Masu taron sun ce za su taimaka da kuɗin tafiya, amma sai na je na dawo. Biza ba ta fito ba, rajista kuma za a rufe. In ci bashi in je?

Wannan ita ce tambayar da ta cancanci a zauna a kanta, kuma ba ni da amsa ɗaya da za ta yi wa kowa.

Da farko, ka kwantar da hankalinka, ba zamba ba ce. Haka akasarin tallafin tafiya yake: ka kashe naka, ka kawo rasit, a mayar maka. Matsalar ita ce an tsara shi ne don ɗalibin da ke da katin banki mai ba da bashi da fasfo ɗin da ba ya buƙatar biza. Kai ba shi ba ne. Kuma abin da ake bayarwa sau da yawa ba ya biyan tikitin jirgi daga Kano ko Yamai, balle masauki. Gudummawa ce, ba ɗaukar nauyi ba.

Don haka kafin ka taɓa ko sisi, rubuta wa masu shirya taron ka tambaye su a fili: nawa ne adadin, da wane kuɗi, yaushe ake biya, ta wace hanya, kuma idan aka hana ka biza za su mayar da kuɗin rajista? Su amsa a rubuce. Wasu suna ba da kuɗi a hannu a teburin rajista, wasu sai bayan watanni ta banki, kuma bankunan da ke tsakani suna yankar nasu kafin ya iso. Idan da naira ka ci bashin, ka lissafa cewa farashin canji na ranar da ka sayi tikiti ba lalle ya zama na ranar da za a biya ka ba. Yana iya yi maka daɗi, yana iya ƙin yi.

Sai biza, wadda ita ce ke yanke hukunci, ba kwamitin taro ba. Ta Schengen, wato ta shiga Sifaniya da yawancin ƙasashen Turai, yuro 90 ce tun watan Yunin 2024, ban da kuɗin kamfanin da ke karɓar takardu, kuma sai da inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000. Ana iya nema tun saura wata shida. A ƙa'ida kwana 15 ake yanke hukunci, yana iya kai 45, amma samun ranar ganawa shi kansa wani aiki ne. Ta ziyara zuwa Amurka dala 185 ce, kuma ba a mayarwa idan an hana ka. Dokokin Amurka na shiga sun yi ta sauyawa tun 2025: a watan Yuni na shekarar an sa Chadi da Sudan cikin ƙasashen da aka rufe wa ƙofa. Saboda haka ka duba matsayin ƙasarka a ranar da kake shirin biya, kada ka dogara da abin da wani ya gaya maka ya faru da shi shekara biyu baya. Wasiƙar gayyata ta ƙunshi sunanka yadda yake a fasfo, taken maƙalarka, ranakun taro, da adadin tallafin idan akwai. Ka haɗa da wasiƙar jami'arka mai nuna cewa kai ɗalibinta ne ko ma'aikacinta kuma za ka dawo. Kada ka sayi tikitin da ba a iya mayarwa kafin biza ta shigo hannunka. Na san yana ƙara tsada kullum. Duk da haka.

Yanzu bashin. Ya danganta da inda kake a karatunka da kuma wanda zai zauna a ɗakin. Idan kana shekarar ƙarshe, maƙalar daga zuciyar kundinka ta fito, kuma a zaman akwai mutum biyu ko uku da ayyukansu ka gina naka a kai, ko editan mujallar da kake so, to zan iya cewa ƙaramin bashi daga ɗan'uwa, wanda alawus ɗinka na wata biyu zai iya biya ko da tallafin bai zo ba, ba hauka ba ne. Ka lura da sharaɗin: ko da bai zo ba. Idan kuwa kana shekarar farko, aka jefa ka zaman ƙarfe takwas na safiyar ranar ƙarshe, lokacin da rabin mutane sun kama hanyar filin jirgi, to sayar da fili ko cin bashi mai ruwa don ka karanta wa kujeru maƙala ba dabara ba ce. Zuwa da kai ya fi saƙo, gaskiya ne, amma ba da kuɗin gadon marayu ba.

Tsakanin zuwa da fasawa akwai hanyoyi. Ka tambaya ko za ka iya gabatarwa ta intanet. Ka tambaya ko shugaban zaman zai karanta maka, ko da yake wasu ƙungiyoyin ba sa yarda. Ka nemi a yafe maka rajista a madadin taimakawa a tebur. Ka haɗa ƙananan tallafi: sashe, makarantar digiri na gaba, ƙungiyar da kake ciki. Malaman manyan makarantun gwamnati a Najeriya suna da kason halartar taro na TETFund, wanda ake bi ta makaranta kuma ba a yinsa cikin gaggawa. Ɗalibin da ba ma'aikaci ba ne kada ya sa rai a nan. Su LASA kuma, neman tallafin tafiya yana tafiya ne tare da tura tsakure, wajen Satumba. Wanda ya jira sai an karɓi maƙalarsa sannan ya fara tambaya, ya makara.

In ka yanke shawarar ba za ka je ba, ka sanar da wuri, cikin ladabi, layi uku. Babu wanda zai riƙe ka a zuci don an hana ka biza, sun saba gani. Abin da ba a mantawa shi ne mutumin da sunansa ke cikin jadawali, aka kira shi, shiru. In kuma ka je, ka adana katin shiga jirgi da rasit ɗin masauki, ka ɗauke su hoto tun a can. Akanta ba ya biyan labari.

Ba ni da kuɗin zuwa Sifaniya bincike, aikina ya tsaya ke nan?

Wa ya ce? PARES, shafin ma'adanan tarihi na Sifaniya, ta zuba takardun tarihi masu ɗimbin yawa a intanet kyauta, har da na Archivo General de Indias da ke Sevilla. Ga rumbun maƙalu na Dialnet, ga ɗakin karatu na intanet Biblioteca Virtual Miguel de Cervantes. Ka fara cinye waɗannan. Sannan in za ka nemi gajeren tallafin bincike a ɗakin karatu irin John Carter Brown na Amurka ko cibiyar Ibero-Amurka ta Berlin, ka faɗi takamaiman takardun da kake son gani da dalilin da ya sa ba sa intanet. “Ina so in zurfafa bincike” ba dalili ba ne.

Wane batu ne ya fi jawo tallafi?

Ba na son wannan tambayar, amma zan faɗi abu ɗaya. Kada ka je ka yi takara da 'yan Salamanca a kan abin da suka tashi a ciki, alhali kana riƙe da abin da ba su da shi. Ka iya karatun ajami? Musulmin Sifaniya da aka kora tsakanin 1609 da 1614 sun bar rubuce-rubuce na Sifaniyanci da haruffan Larabci, kuma masu iya karanta su ba su da yawa. Ga adabin Equatorial Guinea, maƙwabciyar Kamaru, da marubuta irin Donato Ndongo da María Nsue. Ga Judar Pasha, haifaffen yankin Almería na Sifaniya, wanda ya jagoranci rundunar Maroko ya ci Songhai a yaƙin Tondibi a 1591. Ga Hausawan da aka kai Bahia ta Brazil bayi suka shirya tawaye a 1807, in kana karanta harshen Fotugal. Wannan ba yana nufin dole ɗan Afirka ya tsaya kan Afirka ba. In Cervantes, marubucin Don Quijote, ne ke hana ka barci, yi Cervantes, amma ka yi shi da kyau.

Wa'adi ya wuce jiya, in tura?

Tallafi, a'a. Ƙaramin taro, tura da ban haƙuri, wataƙila.

Malam, za ka rubuta min wasiƙar shaida? Gobe ake rufewa.

A'a. Wata guda kafin wa'adi, tare da sanarwar da tsakurenka da takardar tarihin karatunka, duk a imel ɗaya.